Mece Ce "Sujada Kai Tsaye"?

A bakin Kirista mai jin Hausa, kalmar sujada ta fi faɗi fiye da yadda maƙwabcinsa Musulmi ya san ta. Musulmi idan ya ce sujada, ɗora goshi a ƙasa cikin salla yake nufi. Mu kuwa a ikilisiyoyi irin su ECWA, ko COCIN, ko EYN, ko HEKAN, sujada ita ce taron gaba ɗayansa, tun daga addu'ar buɗewa, waƙoƙi, karatun Littafi Mai Tsarki, sanarwa, baiko (wato kyautar da jama'a ke bayarwa a coci) da wa'azi, har fasto ya sa albarka a tashi. Shi ya sa za ka ji ana cewa sujadar Turanci da sassafe, ta Hausa bayan an tashi. Ita kuma "kai tsaye" a bakin 'yan rediyo muka saba jin ta, wato shirin da ake watsawa a daidai lokacin da ake yin sa, ba wanda aka naɗa jiya ba. Idan aka haɗa su, sujada kai tsaye ita ce wadda ake yi a majami'a, kai kuma kana bin ta daga gida ta waya ko kwamfuta, a Facebook ko YouTube ko Zoom.

Jin wa'azi daga nesa ba baƙon abu ba ne. Rediyo ELWA ya fara aiki a Laberiya a 1954, kuma iyayenmu sun sha sauraron shirye-shiryensa na Hausa. Akwai kuma Muryar Bishara, wadda ake shiryawa a Jos ana watsowa daga Addis Ababa, har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Amma wancan muryar wani ce daga wata uwa duniya. Wannan kuwa cocinka ne, fastonka ne, ga zumuntar mata da ankonsu, har kana hango bencin da ka saba zama.

Korona ce ta cusa kalmar a bakin kowa. An samu mutum na farko mai cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, kafin ƙarshen Maris an ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja, jihohi irin su Kaduna ma suka hana taro. Ista ta faɗo ranar 12 ga Afrilu majami'u da yawa a rufe. Ikilisiyoyin da ba su taɓa tunanin kyamara ba suka shiga neman yaron da ya iya waya.

A nan ne kalmar ta ɗan yi ruɗu. An ce kai tsaye, alhali kafin muryar fasto ta iso falonka ta bi ta hannu huɗu ko biyar. Leƙa bayan majami'a, kusa da ƙofa, za ka ga tebur cike da wayoyi kamar taliya. Wannan yana kan na'urar daidaita sauti, yana rage ganga don a ji mawaƙa. Wancan yana gadin wayar da aka kafa a kan sanda mai ƙafa uku, yana kore yaran makarantar Lahadi kada su ture ta. Wata tana sauya baitin waƙa a allo, kuma dole ta riga jama'a da layi ɗaya, in ba haka ba waƙar ta watse. Wani yana waje kunnensa na kan janareta. Sun iso tun kafin mai gadi ya gama shara, su ne kuma na ƙarshen fita, suna naɗe igiyoyi.

Sauti ya fi hoto wahala, ko da yake mutane ba su san haka ba. Idan aka bar waya ta ɗauki murya daga iska, sai amon ɗaki da ƙarar fanka su cinye wa'azin, don haka ake jawo igiya daga na'urar sauti zuwa wayar. Hoto ya ɗan dushe za a yi haƙuri, amma murya ta riƙa yankewa, na gida zai koma kicin. Ga data: awa ɗaya na bidiyo mai kyau yakan lashe kusan gigabait guda, sujadarmu kuwa ba ta san awa ɗaya ba. Sau da yawa daga aljihun yaran nan take fita. Kuma ba a tuna da su sai lasifika ta yi ƙara, nan take duk majami'a ta waiwayo baya.

Akwai masu ƙorafi, kuma ban ce ba su da gaskiya ba. Suna kawo Ibraniyawa 10:25, inda aka gargaɗe mu kada mu daina taruwa. Ba a yin baftisma ta waya, Jibin Ubangiji ma, wato abincin tunawa da mutuwar Yesu, yawancin ikilisiyoyinmu ba su yarda a ci shi ta allo ba. Mai lafiya garau da ya kwanta a kan katifa yana rubuta "Amin" yana duba sakamakon ƙwallo, wannan lalaci ne, ko da baikonsa ya shiga asusun coci. Amma tsohuwar da ƙafa ta hana ta fita fa? Ko mai jego, ko ma'aikaciyar jinya mai aikin Lahadi, ko ɗalibinmu da ke ƙasar da ba zai ji waƙar Hausa ko ɗaya ba? Domin su ake kunna kyamarar.

A wata ikilisiya na ga mai sanarwa, bayan ya gode wa mawaƙa, ya ce 'yan na'ura su miƙe a tafa musu. Uku suka miƙe da kunya. Na huɗun bai ji ba, abin sauraro na toshe a kunnensa, yana duba ko muryar mai sanarwar tana fita.