Waiwaye: Yadda Gardamar Gem a Kan Linux Ta Taso Har Ta Iso Shagunanmu na Jidda

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da Microsoft ya janye kulawar da ya saba ba Windows 10, tambaya ɗaya ce ke yawan shigo mana shagon gyara a nan kudancin Jidda. Yaro zai shigo rungume da kwamfutar da mahaifinsa ya sayo masa ta hannu a Haraj Sawarikh, lafiyarta lau, amma Windows 11 ta ƙi hawa kanta, saboda tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwar da ba ta tsufa ba. Idan na ce masa akwai Linux, kyauta ce, kuma ba ta raina tsohon inji, ba ya tambayar ko za ta yi rubutu ko lissafi. Cewa yake: "Kawu, to gem fa? Zan iya buga ƙwallo da abokaina?"

Tambayar nan ta girmi yaron nesa ba kusa ba.

A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fitar da zuciyar babbar manhajar da aka sa wa suna Linux, aka haɗa ta da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya faro tun 1983. Sharaɗinta shi ne kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wanda ya ga dama. Masu wasa ba su jima ba suka ƙwanƙwasa ƙofa. A 1993 aka soma aikin Wine, wani tafinta da ke tsayawa tsakanin manhajar da aka rubuta wa Windows da kwamfutar da ba ta jin yaren Windows (sunan taƙaitawa ce kawai, babu ruwansa da abin sha). A 1994 kuma wani ma'aikacin kamfanin id Software, Dave Taylor, ya sa wasansu na Doom ya yi aiki a kan Linux. Sai dai a 1995 Microsoft ya fito da DirectX, wato shimfiɗaɗɗiyar hanyar da wasa zai bi ya yi magana da katin hoto da na sauti ba tare da mai ƙera wasan ya sha wahala ba. Kamfanoni suka yi ca a kanta. Daga nan aka ɗaura auren gem da Windows, kuma har yau igiyar ba ta tsinke ba.

An samu waɗanda suka gwada sa'arsu. Kamfanin Loki da aka kafa a 1998 ya riƙa sayen izinin manyan wasanni yana mayar da su na Linux, amma kasuwa ta ƙi, ya rufe a farkon 2002. Masu ƙera wasa suna cewa babu masu saye a can, masu saye suna cewa babu abin saye, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Shi kansa Wine sai a 2008 ya kai fitowa ta 1.0, bayan shekara goma sha biyar ana ɗinki.

Mu a nan, a waɗancan shekaru, gardamar ba ta ma shafe mu ba. Intanet ta shigo wa jama'ar Saudiyya a 1999, shagunan wasa suka cika unguwanni, samarin Hausawa na Makka da Jidda suna kwana a kan Counter-Strike kafaɗa da kafaɗa da Larabawa da Yamalawa. Faifan Windows na kwafi kuwa da 'yan riyal kaɗan ake samunsa. Wanda bai taɓa biyan kuɗin manhaja ba, yaya za ka burge shi da cewa taka kyauta ce? Shi ya sa Linux ta tsaya a hannun ɗaliban jami'a da masu kula da manyan injinan ma'aikatu, talaka mai kwamfuta ɗaya a ɗaki bai ga dalilin kusantar ta ba.

Abin da ya motsa lamarin tsoro ne irin na ɗan kasuwa. A 2012, ana shirin fitar da Windows 8 da kantinta na manhajoji, shugaban Valve, kamfanin da ke da kantin sayar da wasanni na Steam, Gabe Newell, wanda shi kansa tsohon ma'aikacin Microsoft ne, ya fito fili ya kira ta masifa. Ya hango ranar da mai gida zai iya cewa duk ɗan haya sai ya sayar ta rumfarsa. A Fabrairun 2013 kantin Steam ya sauka a kan Linux, a 2015 aka fitar da injinan wasa masu tafiya a kan Linux da ake kira Steam Machine. Ba su karɓu ba, domin sun dogara ga kamfanoni su sake rubuta wasanninsu, su kuma ba su da niyya.

Darasin da Valve ya ɗauka shi ne ya daina roƙo, ya ƙarfafa tafinta. A 2016 aka fitar da Vulkan, buɗaɗɗiyar hanyar magana da katin hoto da ba mallakin kamfani ɗaya ba. Wani Bajamushe, Philip Rebohle, ya rubuta DXVK, wadda ke karɓar umarnin da wasa ya aika da yaren DirectX ta juya shi zuwa Vulkan nan take, hoto bayan hoto, sau sittin ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya. Valve ya ɗauki nauyinsa, ya haɗa aikinsa da Wine, a Agustan 2018 ya fitar da su da sunan Proton. Wasan bai san ya bar gida ba. Yana tambayar Windows, ana amsa masa da muryar Windows. Ranar da na fara danna wasan da na san ba a taɓa rubuta wa Linux ba, ya buɗe ba tare da na taɓa komai ba, na daɗe zaune ina kallon allon, domin na tuna dararen da muka ɓata a baya muna neman sauti ya fito kawai.

Sai Steam Deck a Fabrairun 2022, ƙaramar na'urar wasa ta hannu daga Valve da ke tafiya a kan Linux ba tare da mai ita ya damu da sanin hakan ba. Ita ta tilasta wa kamfanoni da yawa su riƙa gwada wasanninsu a kan Proton. A ƙididdigar da Steam ke fitarwa duk wata, masu Linux sun daɗe suna rarrafe a wajajen kashi 1 cikin 100, a 2023 suka wuce masu Mac, a Oktoban 2025 suka haye kashi 3. Kaɗan ne, amma miliyoyin mutane ne.

To ina aka tsaya? A kan mai gadi. Manyan wasannin da ake bugawa da jama'a ta intanet suna zuwa da manhajar hana maguɗi, wadda a Windows take shiga can cikin zuciyar kwamfuta tana leƙen duk abin da ke motsi. A Linux, mai kwamfuta shi ne sarkin zuciyar injinsa, yana iya sauya ta yadda ya so, don haka kamfanonin suka ce ba su da tabbacin abin da mai gadinsu ke gani gaskiya ne. Tun 2021 biyu daga cikin masu gadin nan, Easy Anti-Cheat da BattlEye, suka ba da damar aiki da Proton, amma sai mai wasan ya yarda ya kunna. Kamfanin Epic bai kunna wa wasansa Fortnite ba. Valorant bai taɓa buɗewa ba. League of Legends, da aka shekara da shekaru ana bugawa ta Wine, ya rufe a 2024. A ƙarshen Oktoban 2024 kamfanin wasanni na EA ya kori masu Linux daga Apex Legends, ya ce ta nan 'yan maguɗi ke shigowa.

Ba na raina wannan hujja. Duk wanda aka taɓa harbewa ta bayan bango a wasan da ya ɓata awa guda a kai ya san zafin maguɗi. Amma ina ganin rashin adalci ne a sayar wa mutum kayan ado na cikin wasa shekara biyu, sannan a wayi gari a ce injinsa haramtacce ne. Kuma ban yarda cewa dole sai kamfani ya mallaki makullin ɗakina kafin ya gane ɓarawo ba, tunda Counter-Strike 2 da Dota 2 suna tafiya a kan Linux kai tsaye, kuma ana gasar miliyoyin daloli a kansu.

A nan ne zancen ya zo ƙofar gidanmu. Yaran ƙasar nan 'yan gasa ne. Tun da Musa'ad Aldosari ya ci kofin duniya na wasan FIFA a 2018, kowane yaro a unguwa ke ganin shi ma zai iya. Riyad ta karɓi gasar gem ta duniya, Esports World Cup, a 2024 da kyautar da ta haura dala miliyan 60, ƙungiyar Falcons ta gida ta ɗauki kambun, ta sake ɗauka a 2025. Duba jerin wasannin: EA Sports FC, Call of Duty, Apex, League of Legends, Rainbow Six. Duk a rufe suke ga mai Linux. Saboda haka idan wani a Turai ya ce matsala ta ƙare, dubban wasanni na aiki, gaskiya ya faɗa game da wasannin da mutum ke yi shi kaɗai. Yaron da ke gabana biyar ɗin nan kawai yake so.

Ga shi kuma kuɗin ƙasar nan sun shiga cikin masu riƙe da makullin. Kamfanin Savvy na asusun zuba jarin gwamnati ya sayi kamfanonin shirya gasar gem, ESL da FACEIT, a 2022 kan dala biliyan 1.5, a Satumban 2025 kuma aka sanar da yarjejeniyar da asusun da abokan hulɗarsa za su sayi EA baki ɗaya kan dala biliyan 55. Ina fata wata rana a samu wanda zai tayar da maganar a Riyad, ya tuna musu da yaran da kwamfutarsu ta gwanjo ce.

Kafin nan, ga yadda nake yi. Nakan ba yaro takarda ya rubuta wasannin da yake bugawa, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan na labari ne ko na tsere ko Counter-Strike, in sa masa Linux Mint, in nuna masa inda Steam yake, ya tafi da injinsa da sauran shekaru a gaba. Idan ƙwallo ce, ina faɗa masa gaskiya tun kafin in taɓa komai. Na makon jiya ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce: "Kawu, a raba faifan biyu, rabi na karatu, rabi na ƙwallo." Haka muka yi, muka gama gab da kiran sallar Isha.