Hukumomin gidajen gwamnati da raya filaye

Hukumar gidaje ita ce wadda gwamnati ke ɗora wa nauyin sama wa jama'a matsuguni, musamman masu ƙaramin ƙarfi da haya ta fi ƙarfinsu balle sayen gida. Aikinta bai tsaya a gini kawai ba, ita ke nemo fili ta biya diyya, ta yanka fulotai, ta fitar da titi da kwalbati, ta jawo ruwa da wuta, sannan a gina a ba mutane haya ko a sayar musu su riƙa biya kaɗan-kaɗan.

A Ingila dokar 1919 ce ta sa ƙananan hukumomi suka shiga ginin gidaje gadan-gadan bayan yaƙin duniya na ɗaya. Hong Kong kuwa gobara ce ta tilasta musu, ranar Kirsimetin 1953 wuta ta lashe unguwar Shek Kip Mei, mutum sama da 50,000 suka wayi gari ba wurin kwana.

Wadda aka fi buga misali da ita dai ita ce HDB, hukumar gidaje ta Singafo, da aka kafa a 1960, yau kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen ƙasar a gidajenta suke zaune. Gaskiya sirrin nasu fili ne, dokar 1966 ta ba gwamnati ikon karɓar fili da diyya mai sauƙi in dai don amfanin jama'a ne, masu filaye sun ji jiki sosai amma da haka aka samu wurin gina garuruwa sukutum da makarantunsu da kasuwa da tashar mota. Daga 1968 kuma aka bar ma'aikaci ya biya kuɗin gida daga asusun ajiyarsa na CPF, wato asusun da ake tara masa wani kaso na albashinsa. Gidan ba na har abada ba ne fa, na shekara 99 ne.

Inda hukumomin nan suka fi faɗuwa shi ne kula da gida bayan an gama shi, abin takaici ne ƙwarai. Misali rukunin gidajen gwamnati na Pruitt-Igoe a birnin St. Louis na Amurka benaye 33 ne, kowanne hawa 11. Gwamnatin tarayya ta ba da kuɗin gini amma gyara aka bar shi a kan kuɗin haya, da masu haya suka ragu sai lif ya tsaya, gilasan tagogi suka farfashe ba mai sauyawa, bututun ruwa na fashewa lokacin sanyi, iyalai da ƙananan yara na zaune a ciki a haka. A 1972 aka fara rushe su da nakiya, ko shekara 20 ba su cika ba.