Gadon wanda ya rasu bai bar wasiyya ba a Ghana: me matarsa za ta samu?

A al'adar ƙabilar Akan ta Ghana, ta wajen uwa ake cin gado. Idan mutum ya rasu, ɗan'uwansa ko ɗan 'yar'uwarsa ne magaji, matarsa da 'ya'yansa kuwa ba a lissafa su cikin danginsa. Mace za ta shekara talatin tana noman koko tare da mijinta, ana gama zaman makoki a ce ta kwashe kayanta. Wannan ne ya sa gwamnatin soja ta Jerry Rawlings ta kafa dokar gado a 1985, wadda aka fi sani da PNDCL 111.

Dokar tana aiki ne a kan dukiyar da mamaci ya tara da guminsa, idan bai bar wasiyya ba. Ba ta taɓa dukiyar dangi ko ta sarauta.

Abu na farko, kayan gida duka na mata da 'ya'ya ne: tufafi, kujeru, firiji, talabijin, har da motar hawa muddin ba ta haya ba ce. Idan gida ɗaya ya bari, nasu ne su mallaka tare. Idan gidajen sun fi ɗaya, su zaɓi guda. Sai abin da ya rage a kasa shi 16: mata ta ɗauki 3, 'ya'ya 9, iyayen mamaci 2, sauran 2 a bi al'ada da su. A ce saura sidi 160,000 ne. Mata tana da 30,000, 'ya'ya 90,000, iyaye 20,000, dangi 20,000. Ɗa namiji da 'ya mace rabonsu daidai yake. Idan babu haihuwa, rabin abin da ya rage na matar ne. Haka miji ma yake gadon matarsa.

A 1991 aka ƙara wani sashe da ya mai da korar gwauruwa ko 'ya'yanta daga gidan aure kafin rabon gado laifi, mai hukuncin tara ko ɗauri. A ganina wannan shi ne sashen da ya fi ceton mata, domin a kwanakin farko na rasuwa ake yin ɓarnar, lokacin da matar ba ta da ƙarfin musu da kowa.

Lauyoyi mata ne suka ɗauki dokar daga takarda suka kai ta ga masu ita. Akua Kuenyehia tana cikinsu. Ta daɗe tana koyar da shari'a a Jami'ar Ghana da ke Legon har ta shugabanci tsangayar, ta yi rubuce-rubuce kan gadon mata, daga baya ta zama alƙaliya a Kotun Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague daga 2003 zuwa 2015. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA kuma tana taimakon matan da ba su da kuɗin ɗaukar lauya.

Dokar ba ta rasa giɓi ba. Kaso 3 ɗin nan na dukkan matan mamaci ne, ba na kowacce ba. Mai mata biyu, a lissafin da ke sama, kowacce 15,000 za ta samu, ko da uwargida ce ta yi wahalar tara dukiyar tun amarya ba ta shigo ba. Gida ɗaya kuma ga kishiyoyi da 'ya'yan ɗakuna daban-daban, kowa ya san rigimar da hakan ke haifarwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu fafutuka suka daɗe suna neman a sake dokar.

Ga 'yan Zango, wato mazauna unguwannin Musulmi, a Nima da ke Accra, Kumasi ko Tamale akwai abin lura. Dokar ta shafi kowa, ba ta ware Musulmi ba. Yawancin iyalai malamai suke kira a raba bisa shari'ar Musulunci, inda mata ke samun tumuni idan akwai 'ya'ya, namiji kuma ya ɗauki rabon mata biyu. Muddin magada sun yarda, shi ke nan. Amma idan ɗaya ya garzaya kotu, da PNDCL 111 alƙali zai yi hukunci. Wanda yake son a raba dukiyarsa bisa addini, ya je wurin lauya ya rubuta hakan a wasiyya, ya sa hannu a gaban shaidu biyu tun yana da lafiya.