Ɗakin sadaka da ƙuri'a: yadda tsohuwar dokar Ingila ta tace mazauna gidajen gajiyayyu

A shekarar 1844 wata babbar kotu a Landan ta saurari ƙararraki biyu daga lardi ɗaya, Northamptonshire, kuma tambayar da ke cikinsu iri ɗaya ce: tsohon da ke zaune a ɗakin da aka ba shi sadaka, yana da ikon jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar dokoki? Tsofaffin gidan gajiyayyu na Burghley da ke Stamford, kotu ta ce suna da shi. Na gidan Jesus da ke Rothwell kuwa ta ce ba su da shi. Dukkansu talakawa ne, ba wanda ya sayi ɗakinsa, ba mai biyan haya. Abin da ya raba su yana cikin takardun da masu kafa gidajen suka bari tun kafin a haifi kakannin waɗannan tsofaffi.

Irin waɗannan gidaje waƙafi ne. Attajiri ko basarake zai gina jerin ɗakuna, ya ware gonaki ko gidajen haya da kuɗinsu zai riƙa ciyar da mazauna, ya rubuta sharuɗɗa, ya damƙa wa amintattu su kula. William Cecil, babban na hannun daman Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, shi ya kafa na Stamford a 1597 domin talakawa maza 13. Mazauni yakan samu ɗakinsa shi kaɗai, da ɗan kuɗin mako, a wasu gidajen har da gawayi da riga mai tambarin gidan. Kada a haɗa su da gidajen aikin talakawa da hukuma ke gudanarwa da kuɗin haraji a ƙarƙashin dokar 1834. Wanda ya shiga wancan, maganar ƙuri'arsa ma ba ta tasowa.

A wancan zamani ba a ba mutum ƙuri'a don shi ɗan ƙasa ne. Dukiya ake dubawa. Tun 1430 doka ta ce mai zaɓe a mazaɓun larduna shi ne namijin da ya mallaki fili ko gida da ke kawo aƙalla sule 40 a shekara, wato fam 2. Dokar gyaran zaɓe ta 1832 ta bar wannan, ta kuma ƙara cewa a mazaɓun birane duk namijin da ke riƙe da gida mai darajar fam 10 a shekara, a matsayin mai shi ko ɗan haya, yana da ƙuri'a. Ko da wannan gyara, kusan mutum ɗaya ne cikin manyan maza biyar a Ingila da Wales ke zaɓe.

To ina tsohon gidan sadaka zai shiga? Ƙofar da lauyoyi suka gano ita ce, a dokar Ingila mallaka ba sai ta gado ba. Wanda aka ba wuri ya riƙe iya tsawon ransa, shi ma mai mallaka ne a idon doka. Dokar 1832 ta ɗan ƙuntata wannan, ta ce idan mallakar ta tsawon rai ce kuma ba ta kai fam 10 ba, galibi sai mutum yana zaune a wurin da kansa. Tsohon kuwa a ɗakin yake kwana yake tashi. Sauran magana biyu ke nan: ɗakin ya kai sule 40 a shekara, kuma nasa ne har mutuwa ko ana iya fitar da shi?

A nan Stamford da Rothwell suka rabu. A Stamford an ɗauka cewa duk wanda aka naɗa ya samu ɗakinsa na tsawon rai, kotu ta ce wannan mallaka ce ko da sunan amintattu ne a takardar filin. A Rothwell sharuɗɗan gidan sun ba masu kula ikon sallamar mazauni idan sun ga dama. Wanda za a iya ce masa ya tattara kayansa gobe, aro aka ba shi, kuma aro ba ya haifar da ƙuri'a.

Ko masu ɗan daraja ba su tsira ba. A fadar Windsor akwai tsofaffin hafsoshin soja da ake ba gidaje da alawus, tsarin da ya faro tun zamanin Sarki Edward na Uku. A 1858 kotu ta hana su ƙuri'ar birnin, a kan cewa suna zaune ne a matsayin masu cin moriyar sadaka, ba masu gida ba, ba kuma 'yan haya ba.

Akwai ƙofa ta biyu, kuma ta fi ta farko cin mutane. Sashe na 36 na dokar 1832 ya ce ba za a yi wa mutum rajista a mazaɓar birni ba idan a cikin watanni 12 kafin ƙarshen Yuli ya karɓi tallafin talakawa na hukuma ko wata sadakar da ke hana zaɓe. A 1867 aka faɗaɗa wannan zuwa larduna. Sai dai dokar ba ta lissafa wace sadaka ce ke hanawa ba, ta bar wa alƙalai. Su kuma sannu a hankali suka tsaya a kan ma'auni irin na farko. A wata shari'a ta 1876 an ce abin dubawa shi ne talauci, da karɓar sadakar, da rashin 'yancin kai da ke biyo bayansu. Kuɗin da amintattu ke rabawa yadda suka so yana hana ƙuri'a. Wanda mutum ke karɓa a matsayin haƙƙinsa, ba mai iya yanke masa don son rai, ba ya hanawa. Da wannan hujja mazauna gidan Charterhouse na birnin Hull, wanda Michael de la Pole ya kafa a 1384, suka yi nasara a 1897.

Dalilin dokar ba ɓoyayye ba ne. Masanin shari'a William Blackstone ya bayyana shi tun 1765: manufar sharaɗin dukiya ita ce a ware waɗanda halinsu ya yi ƙasa har ana ganin ba su da ra'ayin kansu. In baki ya ci, ido ya ji kunya. Kuma tsoron yana da tushe, domin zaɓe a bainar jama'a ake yi. Mutum zai zo gaban dandamali, ya faɗi sunan ɗan takararsa da ƙarfi, magatakarda ya rubuta a littafi, daga baya a buga littafin a sayar. Tsohon da ke sanye da rigar gidan wani basarake, ɗan basaraken kuma yana takara, wa kake tsammani zai ambata?

Amma a ganina hujjar tana da rami babba. Dokar 1832 ɗin nan ita ce ta ba manoma 'yan haya masu biyan fam 50 a shekara ƙuri'a, alhali mai gona na iya ƙin sabunta musu haya idan suka saɓa masa. Waɗannan ba a ce ba su da ra'ayin kansu ba. Sannan a 1872 aka kawo ƙuri'ar sirri, wadda ita ce ainihin maganin matsin lamba, amma hanin sadaka ya ci gaba da aiki har shekaru 46 bayan haka. Da kare tsoho daga tilasci ne kaɗai manufa, da an janye shi tun lokacin.

Yadda ake tantancewar ma abin kallo ne. Kowace shekara jami'an kula da talakawa na unguwa su ke haɗa jerin sunaye, a manna a ƙofar coci. Da kaka sai wani lauya da aka naɗa ya zauna ya saurari masu neman a sa su da masu neman a cire wasu. Wakilan jam'iyyu ne ke cika wurin, kowa na ƙoƙarin goge sunayen da yake zargin na abokan hamayya ne. Gidan gajiyayyu mai mutum goma sha wani abu ba ƙaramin abu ba ne a mazaɓar da ake cin zaɓe da ratar ƙuri'u kaɗan, don haka sai a ciro tsohuwar takardar waƙafi a yi ta jayayya a kan ko amintattu na da ikon kora. Daga 1843 aka ba da damar ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu, shi ya sa shari'o'in Stamford da Rothwell suka kai can a 1844.

Gyare-gyaren 1867 da 1884 sun buɗe ƙuri'a ga magidanta maza, na birni da farko sannan na karkara, ba tare da la'akari da darajar gidan ba. Wannan ya sauƙaƙa ƙofar dukiya, amma ta sadaka tana nan. A 1885 aka cire maganin asibiti na kyauta daga abubuwan da ke hana zaɓen majalisa. Tunanin auna ƙuri'a da aljihu kuma ya bi Turawan zuwa ƙasashen da suka mallaka: a Najeriya, tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 ya ba maza masu samun fam 100 a shekara ne kaɗai ikon zaɓe a Legas da Kalaba.

Dokar 1918 ce ta rufe babin a Birtaniya. Ta ce karɓar tallafin talakawa ko wata sadaka ba zai ƙara hana kowa rajista ko zaɓe ba, ta kuma ba maza masu shekara 21 ƙuri'a bisa zama a mazaɓa kawai. Duk shari'o'in da suka gabata na maza ne, alhali gidajen gajiyayyu da yawa zawarawa tsofaffi ne a cikinsu, kuma komai ingancin takardar ɗakinsu ba su da ƙuri'ar majalisa. A 1918 an ba mata masu shekara 30 zuwa sama, amma da sharaɗin su ko mazajensu na riƙe da gida ko wani wuri. Sai a 1928 aka daidaita su da maza.