Me ya sa nono ke tsami, ƙullu ke tashi?

Tambaya: Wai akwai mai ran da ke samun kuzari ba tare da iska ba?

Amsa: Ƙwarai kuwa, ga su nan fal cikin ƙwaryar kindirmo. Akasarin masu rai sukan farfasa sukarin da ake kira gulukos domin su samu ƙarfin aiki. In akwai iskar oksijin, sukarin yakan ƙone ƙurmus. In babu, sai aikin ya tsaya a hanya, kamar itacen da ya zama gawayi, da sauran wuta a jikinsa. Shi ya sa ribar ba yawa: ƙwayar sukari ɗaya tana ba da ATP 2 kacal, wato ma'ajin kuzarin jiki, alhali da oksijin ana samun kusan 30. Wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, ya nuna a 1857 cewa ƙananan halittu ne ke tsamar da madara.

Tambaya: To tsamin daga ina yake zuwa?

Amsa: Duba yadda Bafulatana ke yi. Ta tafasa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan nonon jiya, ta rufe ƙwarya da faifai. Cikin wannan ɗan nonon akwai bakteriya masu amfani, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani. Dare ɗaya suna cin sukarin madara, suna fitar da sinadarin laktik. Shi ne tsamin, shi ke sa madarar ta yi kauri, shi kuma ke hana ƙwayoyin cuta da yawa sakewa. Lokacin hunturu aikin kan yi nawa, don halittun nan suna son ɗumi.

Ƙullun waina da na burodi kuwa yis ne ke aiki. Yana fitar da iskar kabon, ita ce kumfar da ke ɗaga ƙullu har ya cika roba, da kuma ɗan sinadarin barasa wanda akasarinsa ke tashi da zafin wuta.

Tambaya: Jikin mutum ma yana yin haka?

Amsa: Yana yi. Matashi a gayya, ana gasar kai kunya, tsokarsa na neman kuzari da gaggawa fiye da abin da numfashi ke kawowa. Sai ta bi gajeriyar hanyar, laktik ya taru, ga haki. Amma ciwon jikin washegari ba daga nan yake ba, domin jini kan kwashe sinadarin cikin kamar awa ɗaya.

Tambaya: Wannan ya shafi gona?

Amsa: Sosai, kuma ina so manoma su riƙe wannan. Saiwa ma tana numfashi. Idan ruwa ya kwanta a gonar masara, iska ta yanke mata, sai ta koma wannan hanyar mai ƙaramar riba. Kwanaki kaɗan ganye ya yi rawaya, ga ruwa amma shuka na mutuwa. Shinkafar fadamun Haɗeja da Auyo tana jurewa ne saboda akwai ƙofofin iska cikin karanta har zuwa saiwa. Masara ba ta da irin wannan gatan, don haka da ruwa ya kwanta a yi maza a fasa masa hanya.