Dokar da ta hana ba da hayar gidaje masu cin makamashi a Faransa

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2025, mai gida a Faransa ba shi da ikon ba da hayar gidan da ya samu maki G, wato maki mafi muni, a takardar auna makamashi. A 2028 haramcin zai hau kan masu F, a 2034 ya kai ga masu E. Wannan tanadi yana cikin dokar yanayi ta 22 ga Agustan 2021, wadda ta samo asali daga shawarwarin wani taron 'yan ƙasa 150 da aka tsamo ta hanyar canki-canka.

Takardar ana kiranta DPE. Ma'aikaci mai lasisi ne yake zuwa gidan, ya duba bango da rufi ko an sa musu abin tare sanyi, ya ga tagogi ko gilashi ɗaya ne ko biyu, ya duba na'urar ɗumama ɗaki da ta ruwan zafi. Daga nan sai ya fitar da lissafi biyu: makamashin da gidan ke ci a kowace murabba'in mita a shekara, da hayaƙin da cin nan ke jawowa. Wanda ya fi muni a cikin biyun shi ne makin gidan, daga A zuwa G. Takardar tana aiki shekara goma, kuma dole makin ya fito a tallar gidan, ko na haya ne ko na sayarwa.

Me ya kai gwamnati shiga tsakanin mai gida da ɗan haya? A ƙasar da ake hunturu mai tsanani, gidan da zafi ke zurarewa ta bangonsa kamar tulu ne mai yoyo, ana zubawa yana tsiyayewa. Ɗan haya ke biyan kuɗin wuta da gas, shi ke kwana da rigar sanyi, amma ba shi da ikon taɓa bangon. Mai ikon gyarawa kuwa ba aljihunsa ke ciwo ba. A ganina nan ne dokar ta yi adalci, domin ta ɗora nauyin a kan wanda makullin gyaran ke hannunsa.

Ba a dare ɗaya aka kai nan ba. Bayan tashin farashin man fetur na 1973, Faransa ta kafa ƙa'idar farko ta hana asarar zafi a 1974, amma sababbin gidaje kaɗai ta shafa. An yi ta tsaurara ta har zuwa wadda ta fara aiki a 2022, mai lissafa har da hayaƙin da siminti da ƙarfe suka jawo kafin a kai su wurin gini, da kuma yadda gida zai jure zafin bazara. Tsofaffin gidaje, waɗanda su ne mafi yawa, sun daɗe ba mai tambayar su. Ita kanta DPE da ta fito a 2006, shekara da shekaru bayani kawai take bayarwa. Sai a Yulin 2021 ta zama hujjar da za a iya kai ƙara da ita. A Agustan 2022 aka hana ƙara kuɗin haya a gidajen F da G, sannan haramcin ya biyo baya.

Abin da ya kamata ɗan haya ya sani shi ne ba a korar kowa daga gida saboda makin G. Dokar tana hawa ne lokacin da za a ƙulla sabuwar yarjejeniya ko a sabunta tsohuwa. Daga nan ana ɗaukar gidan bai cika sharuɗɗan zama ba, ɗan haya yana da damar neman a gyara. Idan mai gida ya yi kunnen uwar shegu, alƙali zai iya tilasta masa aikin, ko ya rage kuɗin hayar har sai an gama.

Akwai tallafin gwamnati mai suna MaPrimeRénov', wanda aka fara a 2020, yana ɗaukar wani kaso na kuɗin gyara gwargwadon samun mutum. Duk da haka masu kuka da dokar ba su rasa hujja ba. Mai ɗaki ɗaya a cikin dogon bene ba zai lulluɓe bangon waje shi kaɗai ba, sai sauran masu ɗakuna sun zauna sun amince, kuma hakan kan ci lokaci. Wasu sun gwammace su sayar da gidan maimakon gyara, alhali hayar ma wuya take a birane irin su Paris. Gwamnati ta riga ta sassauta a wani wuri: a Yulin 2024 ta sauya lissafin gidajen da ba su wuce murabba'in mita 40 ba, saboda tsohon lissafin yana danne su, abin da ya fitar da da yawa daga cikin F da G ba tare da an buga ko ƙusa ba.