Magaryar Gola

Gola wani iri ne na magarya (Ziziphus mauritiana) da manoman Indiya suka zaɓa saboda girman 'ya'yanta. A Nijar da maƙwabtanta ana kiran ire-irenta "tuffar Sahel", sunan da ya bazu tun da cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa su a shekarun 2000, a aikin masani Dov Pasternak.

Ganye da ƙaya duk na magaryar da aka sani ne a gonakin Daura, Mai'aduwa da Zango. Bambancin a 'ya'ya yake. Ta gida ƙanana ne, ƙwallo ya fi tsoka, sai sun bushe yara ke tsinta. Na Gola kuwa kewayayyu ne, sun kai girman lemun tsami, ana cin su ɗanye, da ƙaras-ƙaras da zaƙi mai ɗan tsami, kuma suna da bitamin C da yawa. Gola tana rigan Umran nuna, wato wani irin magaryar Indiya mai 'ya'ya masu ɗan tsawo.

Wanda ya shuka ƙwallonta ba Gola zai samu ba, sai dai wata magarya da ba a san halinta ba. Shi ya sa aure ake yi mata: a ɗauko ido (inda toho ke fitowa) ko ɗan reshe na Gola a haɗa da gindin magaryar gida, wadda saiwarta ke nutsawa ƙasa sosai ta jure fari da jigawa. Ko tsohuwar magaryar da ke gona ana iya sare ta, idan ta yi toho a aura mata. Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗin sai a cire shi, in ba haka ba na gida ya rinjayi baƙon. Awaki ma na son ganyen, don haka shinge dole ne.

A sabon reshe take haihuwa, saboda haka ake yi mata aski duk shekara da bazara. Takan yi fure da kaka, 'ya'yan su nuna lokacin hunturu. Babban maƙiyinta ƙudan 'ya'yan itace ne, mai yin ƙwai cikin ɗan. A gan shi lafiya ƙalau, a fasa a tarar da tsutsa. Tsince waɗanda suka zube a binne su da zurfi na rage ɓarnar.